Kwan Fitila Ɗaya Da Ya Tsai Da Mota

A Kasuwar Shanu ta Maiduguri, inda ake sauke garkunan da suka fito daga Chadi da Kamaru kafin a loda su a tirela zuwa Kudu, akwai wani dattijo dillali wanda kowa ya san shi da tsohuwar a-kori-kurarsa, Peugeot 504, irin waɗanda aka harhaɗa a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975. Da ita yake ɗauko dusa da harawa tun da asuba, da ita kuma yake komawa gida bayan lisha da 'yar la'adarsa a aljihu.

Sa'ad da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle cikin watan Satumba na 2024 bisa lissafin da bai taɓa zato ba, watau daren 10 ga Satumba, 2024, motar nan ta yi kwanaki cikin ruwa. Makanikai sun ta da injin, amma fitilun allon gaban direba sun mutu, domin tsatsa ta cinye mazauninsu. Dattijon bai damu ba. In dare ya yi sai ya haska allurar mai da tocila, ya ce ai idon da ya san bijimi cikin duhu ba zai kasa sanin motarsa ba.

To, ran nan da bazara, lokacin da zafin Borno ke haura digiri 40, ruwan lagireto ya tsiyaye, allurar zafi ta kai ƙarshe, shi kuwa bai gani ba sai da hayaƙi ya turnuƙe. Gyaran ya cinye la'adar makonni. Da ma an ce rigakafi ya fi magani.

Ɗansa na fari, wanda ke karatun lantarki, ya ce, "Baba, a bar mini allon nan ranar Juma'a, a gida zan gyara."

Bayan an sauko daga masallaci, yaron ya shimfiɗa tabarma a gindin dogon-yaro. Ya fara cire kan batir, sa'an nan ya kwance allon, ya goge tsatsar da samfefa, ya zare tsofaffin ƙwayayen masu zaren waya a ciki, ya maye gurbinsu da na zamani da ake kira LED. Waɗannan ba su cin wuta sosai, ba su zafi, suna kuwa daɗewa, sai dai wuta ta fuska ɗaya take bi ta cikinsu, wanda ya ƙi kamawa sai an juya shi. Da magariba aka murɗa makulli, allo ya yi fari tas kamar farin wata. Dattijon ya sa masa albarka, har ya kira maƙwabta su gani.

Kwana uku ba a yi ba, da asubar fari, mota ta ƙi tashi. Batir ya mutu murus, ga fatake na jira a kara. Aka tura ta har rumfar wani tsohon mai rewaya a bakin kasuwa. Ya leƙa allon, ya yi murmushi, ya ce, "Ɗana, har jar fitilar batir ka canza?"

"Duka na canza, Baba."

"To, nan gizo ke saƙar. Waccan fitila ba gargaɗi kaɗai take yi ba. A motoci da yawa na zamaninta, ta cikin zarenta 'yar wuta ke bi ta je ta ta da dainamo, sa'an nan ya fara cajin batir. Naka sabon, saboda tsabar tattalinsa, ba ya barin isasshiyar wuta ta wuce. Kwana uku kuna cin batir, ba mai zuba masa."

Yaron ya koma gida a guje, ya tono tsohon kwan daga cikin sharar da aka tara a bayan ɗaki, ya goge shi da bakin rigarsa. Da aka mai da shi aka ta da injin, jar fitilar ta kama, ta lumshe, ta mutu, alamar caji ya dawo.

Dattijon bai yi faɗa ba, gama ya san shi ma taurin kansa ne ya ƙona inji tun farko. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ka ga, a garke ma akwai tsohuwar saniyar da ba nono ba maraƙi, amma ran da aka sayar da ita sauran ba su san hanyar mashaya ba."

Har yanzu in ya murɗa makulli da asuba, allon yakan haskaka fari fat, ban da wannan kwan guda mai dushi-dushi. Sai ya jira ya ga ya mutu, sa'an nan ya yi bisimilla ya sa giya.