Murhun Ɗakin Iya

Ko'ina a ƙasar Hausa an san kaskon wuta idan hunturu ya kama, amma mu mutanen Jos namu ya sha bamban. Garin yana bisa tsauni mai tudun kimanin mita 1,200, saboda haka daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu akan sami daren da ma'aunin zafi zai sauka ƙasa da digiri 10. Wanda ya zauna ƙasar Turai zai yi dariya, to amma shi gidansa don sanyi aka gina shi. Namu gidan bulo ne da rufin kwano, da taga mai kuvvuka a ƙasa, wato irin ginin da ke shan zafi da rana ya saki da magariba, kafin asuba ɗakin ya koma kamar randa.

A cikin irin wannan gida kakata ta wajen uba take zaune, wadda kowa ke kira Iya. Tana fama da sanyin ƙashi, kuma tun tasowata na san ta da kaskonta na yumɓu. Da an yi sallar isha'i za a ɗebo mata garwashi daga madafa, ta ƙara gawayi a kai, ta barbaɗa turaren wuta, mu kuma jikoki mu kewaye ta. Ni take kira maigida, kamar yadda kakanni mata ke tsokanar jikokinsu maza, kullum kuma ƙararta ɗaya ce, wai na kasa kawo kuɗin cefane.

A farkon shekarar 2020 aka yi wani ɗari da har tsofaffin unguwa suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Wani dare Iya ta sa ƙanwata, wadda ke kwana tare da ita, ta toshe ƙasan ƙofa da tsumma, ta liƙe tagar da kwali, aka cika kasko da sabon gawayi. Da asuba Umma ta ga ba su fito alwala ba, ta ƙwanƙwasa shiru, sai ta tura ƙofar. Ƙanwata ta yunƙura za ta tashi ta faɗi, tana amai, tana cewa kanta zai tsage. Iya kuwa idonta a buɗe amma maganarta ba ta fita sosai. Allah ya sa da sauran kwana. Aka fito da su tsakar gida, daga nan sai asibiti, inda likita ya tambayi abu ɗaya tak kafin ya taɓa su: da me suka kwana a ɗakin?

Bayanin da ya yi wa Baba shi ne ya hana ni barci kwana da kwanaki. Gawayi idan yana ci a wurin da iska ba ta wadata ba, yakan fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksayid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari balle mutum ya farka. Idan ta shiga jini takan riƙe shi fiye da yadda iskar oksijin ke riƙe shi sau 200 da ɗoriya, sai jiki ya rasa abin da yake rayuwa da shi alhali mutum yana numfashi. Mu da muke tsoron hayaƙi saboda yana sa hawaye, ashe garwashin da ya yi jajir babu hayaƙi shi ne abin tsoro a rufaffen ɗaki. Daga baya na karanta cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 3.2 ne gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwarsu a shekarar 2020, galibi daga wutar itace da gawayi da makamantansu. Saura ƙiris mu ba da mutum biyu a cikin wannan lissafi.

Baba ya yanke hukunci cewa kasko ya bar ɗakin Iya har abada. Amma hana tsohuwa mai ciwon ƙashi wuta a Jos wani zaluncin ne, don haka aka tsaya a kan za a nemi murhu rufaffe mai bututun da zai fitar da hayaƙi waje. Da yake ni ne mai yawan karance-karance a gidan, sai aka ɗora mini binciken. Damina ta wuce muna ta shawara, sai a watan Nuwamba muka fita nema.

Wani dillalin kayan gwanjo a Bukuru ya kai mu wani shago, ya janye buhu daga kan wani abu, sai ga murhun da ban taɓa ganin mai kyansa ba. Ƙarfen zubi ne, an lulluɓe shi da koren fenti mai sheƙi kamar tangaran, ƙafafunsa huɗu a lanƙwashe, ƙofarsa da 'yan tagogi da ake hango wuta ta cikinsu. Ya ce daga gidan wani Baturen kuza ya fito. Ban yi musu ba, domin har yau idan ka zaga Rayfield da tsofaffin unguwannin ma'aikatan haƙar kuza za ka ga gidaje masu bututun hayaƙi a kan rufi. Umma, wadda ta biyo mu, ta zagaya shi sau biyu, ta ce, "Alhaji, wannan shi ya dace da ɗakin Iya. Duk baƙon da ya zo gidan nan can yake fara gaisuwa." Na san abin da take nufi. Suruka ce da ke son a ga ta kyautata wa uwar mijinta, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai ni na zo da tocila a aljihu. Na roƙi a rufe ƙofar shagon, na kunna ta na sa a cikin murhun, na zagaya baya. Haske ya fito ta wata tsaga mai tsawon ɗan yatsa, da kuma ta mahaɗar wuyan bututu. Inda haske ya bi, hayaƙi ma zai bi. Ƙarfen zubi kuwa idan ya tsage, ɗinke shi da walda aiki ne mai wuya, sau da yawa yakan sake buɗewa da ya sha zafi. Bugu da ƙari, cikinsa ƙunci ne da zurfi, alamar don kwal aka ƙera shi, irin wanda jirgin ƙasa ke kawowa daga Inugu bayan layin dogo daga can ya iso Jos a 1927. Faskaren itacenmu ba zai kwanta a ciki ba sai an daddatsa shi guntu-guntu. Kuɗin da dillalin ya yanka kuma ya ninka abin da Baba ya tanada har sau uku. Na ce wa Umma wannan kyan ɗan maciji ne. Ba ta tanka mini ba, kasancewata ɗan fari, amma har muka iso gida fuskarta ba walwala.

Muka koma wajen wani mai walda da Baba ya sani. Na zana masa abin da nake so a takarda, ya duba, ya gyara mini wurare biyu da ni da karatuna ban hango ba. Da farko na so a yi babba, ya ce, "Ɗalibi, ɗakin taku nawa ne?" Na ce bai fi taku goma sha biyu ba kowace kusurwa. Ya ce babban murhu a ƙaramin ɗaki sai dai a riƙa danne wutarsa, wutar da aka danne kuwa hayaƙi take yi, ta tara kunkunniya mai danƙo a bututu, wata rana kunkunniyar ta kama da wuta a cikin rufi. Gara ƙarami da zai ci da ƙarfi. Na biyu, ya hana mu amfani da bututun da aka shafa wa sinadarin kwanon rufi a kusa da wuta, domin idan ya yi zafi sosai yana fitar da tururi mai sa zazzaɓi, abin da masu walda suka sani a jikinsu.

Abin da ya ƙera mana akwati ne na baƙin ƙarfe mai kauri, an jera jan bulo a cikinsa. Hikimar bulon ita ce, ƙarfe maras kauri yana ɗaukar zafi nan da nan ya kuma huce nan da nan, shi kuwa ƙonannen yumɓu a hankali yake sha, a hankali yake saki. Mutanen Rasha da Finlan, waɗanda sanyinsu ya fi namu nesa ba kusa ba, da tubali da dutse suke gina manyan murahunsu saboda wannan dalili: a hura wuta mai ƙarfi na ɗan lokaci, ginin ya yi ta ba da ɗumi har gari ya waye. Aka huda bango aka fitar da bututu, aka ɗaga shi ya zarce kan rufi don ya ja da kyau, aka bar wata 'yar kafa a ƙasan ƙofar ɗaki wadda Baba ya ce duk wanda ya toshe ta zai gamu da shi. Itace kuma muka sayi busasshen marke da na turare muka jera a rumfa, domin ɗanyen itace kusan rabinsa ruwa ne, wutar sai ta ɓata ƙarfinta wajen ƙafar da shi kafin ta ɗumama kowa.

Daren farko na shiga da asuba na tarar da ɗakin da ɗumi, babu ƙauri, bulon har lokacin da zafinsa. Na fito ina taƙama kamar wanda ya ci jarrabawa. Amma maganar gaskiya, abin ba shi da kyan gani ko kaɗan. Baƙi ne ƙirin, da tabon walda a kowane gefe. Iya ta dube shi ta ce, "Maigida, wannan akwatin gawa ka kawo mini ko injin niƙa?" Muka yi dariya, na ɗauka wasan jika da kaka ne.

Bayan kamar mako biyu, ƙanwata ta same ni a ɓoye ta ce Iya ta sa an dawo mata da kaskonta, tana ɓoye shi a ƙarƙashin gado, sai kowa ya kwanta ta ce a ɗebo mata garwashi. Gabana ya faɗi. Na je na zauna kusa da ita na tambaye ta ko murhun ba ya ɗumama ɗakin ne. Ta ce yana yi, har ya fi kasko. Na ce to me ya sa? Ta yi shiru, can ta ce, "Wutar da ba ka gani, ina daɗinta? Shekara saba'in ina kallon garwashi kafin in yi barci. Yanzu kun kulle ta a akwati, yaran ma sun daina zuwa hira, don ba abin da za su kewaye."

Wannan magana ta kashe mini jiki. Na yi lissafin kaurin ƙarfe da tsawon bututu, ban sa idon Iya a lissafin ba. Umma ta hango wani abu a shagon Bukuru wanda ni na raina, na ɗauka son a-gani-a-yaba ne kawai. Ga shi murhun da na tsaya kai da fata a kansa ya bar tsohuwa ta koma ga abin da ya kusa kashe ta, wannan karon ma a ɓoye, inda ba mai lura.

Ban gaya wa Baba zancen kaskon ba, Umma na fara samu. A nan ne ta nuna mini ita ma ba ta huce ba, ta ce ai ku 'yan boko kun fi kowa sani. Na ba ta haƙuri, sannan muka koma wajen mai walda tare. Na tambaye shi ko za a sa gilashi a ƙofar, ya ce gilashin taga fashewa zai yi, mai jure wuta kuwa ba ya da shi. Umma ce ta kawo shawarar a huhhuda ƙofar. Ya yi tunani ya ce zai yiwu, tunda muddin bututu yana ja, iska ciki take shiga ta hudojin, hayaƙi ba ya fitowa, kuma zai sa wani marfi mai zamewa da za a rufe su idan za a kwanta. Ta zana masa dagi a ƙasa da tsinke, ya bi zanen da ƙananan huji. Ya kuma daidaita saman murhun yadda buta za ta zauna.

Sauran aikin Umma ta karɓe shi. Ta hana a shafa fentin mai, wanda dama zai yi wari idan ya ji wuta. Ta sa aka kewaye gefe biyu da bayan murhun da ginin jar ƙasa, ta yaɓe shi sumul da hannunta, ta yi masa zane da farar ƙasa irin na bangon ɗakin amare a ƙauyensu. Ginin ya rage saurin ɗumamar ɗakin da kamar rabin sa'a, abin da ya ɗan sosa mini rai, sai dai ya ƙara daɗewar ɗumin, kuma yara ba sa ƙonewa idan sun jingina.

Ranar da aka sake hura shi, bayan isha'i, muka kashe fitila. Hasken wuta ya fito ta hudojin ya zana dagi a kan tabarma da bangon da ke fuskantarsa, yana rawa. Ƙananan jikoki suka yi ta ƙoƙarin kama shi da hannu. Iya ta sa aka ɗora mata butar alwala a kai, ta barbaɗa turarenta a kan wani marfin gwangwani a gefen butar, ƙamshi ya tashi. Ta daɗe tana kallo ba ta ce komai ba. Da na tashi zan fita sai ta kira ni, ta nuna ƙarƙashin gado da sandarta, ta ce, "Maigida, ɗauki kaskon nan ka kai wa uwarka, ta riƙa turara kaya da shi a tsakar gida. Kuɗin cefane kuma har yanzu ina bin ka."