Wace Fuska 'Ya'yanmu Ke Gani A Littafi?

A wannan wata ina so mu ɗan tattauna kan wani abu da muke ɗauka ƙarami, alhali yana shiga zukatan 'ya'yanmu mata tun ba su san kansu ba, wato irin macen da littafi yake nuna musu a matsayin kyakkyawa kuma mai daraja.

Ni ma'abociyar karatun littattafan Hausa ce tun ina makarantar horon malamai, kuma ba na cikin masu cewa a ƙone su. Marubuta irin su Hafsatu Abdulwahid, mai So Aljannar Duniya na 1980, da Balaraba Ramat Yakubu, mai Alhaki Kwikwiyo, sun faɗi gaskiyar zaman gidajenmu a lokacin da faɗin ta sai mai ƙarfin hali. Amma duk wadda ta yi karance-karance ta san yadda yawancin littattafan soyayya ke siffanta tauraruwarsu: fara sol, doguwa, dogon hanci, gashi har gadon baya, sai a rufe da cewa kamar Balarabiya ko Ba'indiya. Baƙar mace kuwa, in ta samu shiga labarin, to 'yar aiki ce ko muguwar kishiya.

Yarinya 'yar shekara goma sha huɗu in ta karanta irin wannan sau ashirin, ta duba madubi, me za ta ce da kanta? A ajin da nake koyarwa na sha jin 'yan mata suna zolayar junansu da "baƙa", ana dariya, ita kuma wadda aka faɗa wa ta sunkuyar da kai. Bayan hutu ɗaya sai ka ga fuska ta yi haske, gaɓoɓin yatsu sun rage baƙaƙe. Man bilicin ya shigo ke nan. Likitoci sun daɗe suna gargaɗi cewa wasu mayukan suna ɗauke da sinadarai masu sirantar da fata, su hana ciwo warkewa da wuri, wasu har ƙoda suke taɓawa. Mu iyaye kuma ba mu tsira ba, domin a gidan suna tambayar farko ita ce, "Fari ne ko baƙi?" har a duba kunnen jariri don a gano inda zai tsaya.

Abin takaicin shi ne addininmu ya gama wannan magana tuntuni. Aya ta 22 a Suratur Rum ta lissafa bambancin harsunanmu da launukanmu cikin ayoyin Allah, aya ta 13 a Suratul Hujurat kuma ta ɗora fifiko a kan taƙawa kaɗai. Wadda ta reni Manzon Allah (SAW) bayan rasuwar mahaifiyarsa yana ɗan shekara shida, Ummu Aiman ce, Bahabashiya, mutuniyar nahiyarmu. Ɗanta Usama bin Zaid, baƙar fata, shi aka ɗora a kan rundunar da ke da manyan sahabbai a cikinta tun yana matashi. 'Ya'yanmu nawa ne suka san wannan?

Ko a nan gida ba mu rasa abin koyi ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ita ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa dattijuwa a matsayin jaji, ta ɗora mata malfa, ta tura ta ƙauyuka koyar da mata addini ta hanyar waƙoƙi. A 1997 wasu Turawa biyu mata, Jean Boyd da Beverly Mack, suka tattara ayyukanta a babban kundi guda, ana karanta shi a jami'o'in Amurka da Ingila. Mu da muke jikokinta, da yawanmu sunan makaranta ko titi kawai muka sani.

Haka Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda ta sha ɗauri a kan 'yancin mata tun zamanin NEPU, sai a 1979 matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya. Ga Ladi Kwali maginiyar tukwane, da sana'ar hannu hotonta ya hau bayan takardar naira ashirin. A Kenya, Wangari Maathai ta zama macen Afirka ta farko da ta samu lambar Nobel ta zaman lafiya a 2004, saboda jagorantar matan karkara wajen dashen itatuwa. Babu ɗaya a cikinsu da hasken fata ya kai ta inda ta kai.

Don haka 'yar uwa, littafin da 'yarki ta ɓoye a ƙarƙashin filo, karɓi ki karanta, ku zauna ku yi hirarsa, ki tambaye ta me ya sa a ganinta tauraruwar kullum fara ce. Ki ba ta labarin Ummu Aiman da Nana Asma'u kamar yadda kike yi mata tatsuniya. Ki kuma kiyaye harshenki, ki yabi hankalinta da karatunta da kyanta yadda Allah Ya yi ta, domin yarinyar da ta ji a bakin uwarta cewa ita kyakkyawa ce, da wuya mai sayar da mai ya ruɗe ta.

Marubutanmu mata kuma, don Allah a taimaka mana da tauraruwa baƙa, mai ilimi, mai kunya, wadda ake so saboda halinta. Alƙalami a hannunku yake.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa mu gode wa halittarSa. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.