Tukunyar Haɗama

Baba bai taɓa kiran sunan wasan ba. Karta kawai yake cewa. In ya shigo zaure ya tarar da mu mun baje su bisa tabarma, sai ya tsaya da buta a hannu ya ce, "Wannan karta taku, caca ce ko mene ne?" Ni kuma in ce, "Baba, ba kuɗi a ciki." Ya yi tsaki ya wuce.

Gaskiya ce rabi na faɗa mishi. Kuɗi babu, amma duk wanda aka cinye sai ya ba da kati ɗaya, kuma wanda ya ci shi ke zaɓa. Haka muka gani a cikin fim ɗin, haka muka yi.

Ina aji biyar na firamare a Damagaram lokacin da faifan Yu-Gi-Oh! ya shigo unguwarmu. Gidan maƙwabcinmu ne mai tele, in akwai kuran sai mu cika tsakar gidan har matar gidan ta kore mu da tsintsiya. Ba a daɗe ba wani mai tebur a bakin lakwal ya fara sayar da katunan, ƙunshi ɗaya dala ashirin. Da yawanku da kuka taso a Maraɗi ko Tawa ko Yamai kun san irin su: takarda mai laushi, kalar ta zarce layi, rubutun Ingilishi ne wanda ko mushenmu na Ingilishi a kwaleji ya kasa fassarawa. Tunda ba mai iya karanta dokar da ke jikin kati, doka ita ce abin da mai babbar murya ya ce. Wanda ke da Farin Dodo mai shuɗin ido, mai ƙarfi 3000, sai ya jefa shi a zagayen farko, a tashi wasa. Na yi shekaru ina ganin kaina gwani. Abin da na iya dai shi ne gardama.

Daga baya ne na san asalin abin. Wani mai zane ɗan Japan, Kazuki Takahashi, ya fara labarin a mujalla a 1996. Kamfanin Konami ya fitar da katunan gaske a 1999, suka iso Amurka da Turai a farkon shekarun 2000. Kafin su akwai Magic, wanda wani malamin lissafi, Richard Garfield, ya ƙirƙira aka fitar a 1993, shi ne ya buɗe wannan hanya ta wasan da kowa ke haɗa nashi tarin kati ya zo da shi. Mu a zaure ba mu san akwai wani abu wai na gaske da na jabu ba.

A watan Satumba na 2018 na tafi karatu Liyon, a Faransa. Cikin kayan da na ɗaure har da katunana, a gwangwanin shayi, na naɗe su da kyauro. Ban san dalili ba. Wataƙila don mutum in zai yi nisa yana son ya riƙe wani abu da ya san ya iya.

Wata Asabar cikin sanyi na ga shago da hoton dodon nan a gilashi, na shiga. A can ciki tebura ne a jere, mutum kusan ashirin, daga yara ƴan lise har masu furfura, kowa da shimfiɗar roba a gabanshi, kowane kati a cikin rigarshi ta leda. Shiru kamar ɗakin bak. Na ce ma mai shago ina son shiga gasa. Ya ce in kawo katunana ya gani. Na buɗe gwangwani.

Mutumin bai yi dariya ba, kuma har yau ina gode mishi. Ya ɗauki ɗaya ya juya, ya ɗauko wani daga aljihun teburinshi ya jera su. Ya nuna mini ɗan tambari mai ƙyalli a kusurwar dama ta ƙasa, wanda nawa ba shi da shi. Ya ce duka jabu ne, ba za a bar ni in zauna da su ba. Sai ya kai ga katin da na fi so, Tukunyar Haɗama, koriyar tukunya mai murmushin mugunta, wadda aikinta kawai ka ja kati biyu. Ina da guda huɗu. Ya ce, na farko, ba a wuce uku na kowane kati. Na biyu, wannan ko ta gaske ce an hana ta a gasa fiye da shekara goma. Na ce don me, ita da ba ta kashe kowa? Ya ce don haka ɗin. Ka ba da ɗaya ka karɓi biyu ba tare da ka biya komai ba, ba wanda zai ƙi sa ta, kuma wanda ya fara jawo ta ya riga ya wuce abokin wasanshi ba da wata dabara ba.

A ranar na gane wasan da na yi shekara goma ina yi ba shi ne wasan ba. Kowa na farawa da maki 8000. Tarin kati daga 40 zuwa 60. Babban dodo irin Farin Dodo sai ka sadaukar da ƙanana biyu kafin ka sauke shi. Konami na fitar da jerin katunan da aka hana da waɗanda aka taƙaita, yana sauya shi lokaci-lokaci, ta yadda tarin da ka kashe ma kuɗi yau gobe yana iya zama takarda.

Wani ɗan Kamaru da ke wasa a wurin ya ja ni gefe ya ce, "Ɗan'uwa, kada ka sayi ƙunshi. Jira." A watan Fabrairu na 2019 aka fitar da wani shiryayyen tari mai suna Soulburner, wanda kowa ya san abin da ke ciki tun kafin ya buɗe. Ya ce in sayi kwali uku in haɗa. Wajen Yuro talatin, kusan jika ashirin kenan. Na yi wanke-wanke a gidan abinci na biya.

Gasar farko da na shiga zagaye huɗu ce. Ba a fitar da kowa: in ka ci sai a haɗa ka da wanda ya ci, in ka faɗi a haɗa ka da wanda ya faɗi, har a ƙare. Kowace karawa wasa uku ce, wanda ya ci biyu ya yi nasara, ga agogo na tafiya. Abokin karawata na farko yaro ne da bai wuce shekara goma sha huɗu ba, uwarshi na jiran shi a waje cikin mota. Ya jefa ɗan lido, ya samu farawa. Sai ya shiga sauke kati yana kiran kati, wannan ya jawo wancan, wancan ya tafi kabari ya dawo da wani, yana faɗin sunayensu da sauri kamar mai tilawa. Minti kusan goma ina zaune hannu biyu a riƙe. Da ya gama ya ce, "Naka ne." Duk abin da na taɓa, yana da abin hana shi. Na faɗi huɗu cikin huɗu a ranar.

Amma a nan ne wasan ya kama ni da gaske, kuma ina so ku fahimci wannan kafin ku yanke mini hukunci. A cikin kwalin nan akwai wani kati, ƴar yarinya mai kunnen dabba, kowa na ce mata Ash. Ba a sauke ta a fili. Tana hannunka, lokacin wasan abokin karawarka, in ya kunna katin da zai ɗebo wani daga cikin tarinshi, sai ka jefa ta ka kashe wannan yunƙuri. Sau ɗaya tak a zagaye. Shi kuma yana iya ɗebowa sau biyar ko shida. To wanne za ka tare? In ka yi gaggawa ka tare na farko, wataƙila tarko ne, ya sa shi ne don ka ɓarnatar da ita. In ka yi jinkiri, ya riga ya wuce inda za a tsayar da shi. Sai ka san tarin mutumin kamar yadda ya san shi, ka san wuyan da in ka shaƙe duk jikin zai mutu. Wanda ya taɓa zama a fada yana ƙirga abin da ya fita a belot, ko ya ga tsofaffi na dara a gindin bedi suna hango motsi uku gaba, ya san daɗin da nake nufi. Ranar da na fara riƙe Ash har zagaye ya yi nisa, zuciyata na bugawa, na jefa ta daidai gaɓa, na ga yaron nan ya tsaya ya sake duba hannunshi ya ce ya gama, wallahi ban ji irin wannan daɗi ba ko ranar sakamakon bak.

Wannan ba caca ba ce. Har gobe zan faɗa ma Baba haka. A gasa an hana sa kuɗi ko kati a kan wasa, wanda aka kama ana korar shi. Akwai sa'a a abin da ka jawo, amma cikin wata uku mutanen da ke saman tebur su ne dai a sama.

Cacar tana bakin ƙofa, wurin biyan kuɗi.

Na fara cin biyu in faɗi biyu, sai na ga abin da ya raba ni da na sama katuna ne biyu ko uku masu tsada. Ana iya sayen su ɗai-ɗai a intanet, farashinsu a rubuce. Amma farashin ya yi mini nauyi in biya a dunƙule, alhali ƙunshi ɗaya Yuro huɗu da ɗan kai ne, kati tara a ciki, ba ka san ko waɗanne ba. Sai zuciya ta ce, in ka yi sa'a fa? Na sayi ɗaya. Na sayi uku. Akwai yadda ake yage ledar, akwai ƙamshin sabuwar takarda, akwai yadda kake tura katunan da babban yatsa a hankali kana jiran ƙyalli. In bai fito ba sai ka ji ai saura kaɗan. Abokina ɗan Kamaru ya gan ni ya kaɗa kai, bai ce komai ba. A 2018 hukumar caca ta Beljiyam ta ce akwatunan sa'a da ake saye da kuɗi a wasu wasannin bidiyo caca ne. Ni dai ban ga bambancin akwatin da ke cikin allo da ledar da ke hannuna ba, sai dai tawa tana da ƙamshi.

Azumin 2019 ya kama a farkon watan Mayu. Tun Maris na yi ma gida alkawarin zan aiko da na sukari da gero. Ana saura kwana uku Baba ya kira. Muka gaisa, ya tambayi sanyi, ya tambayi karatu, sai can ya ce, "To, innarka ce ke tambaya, wai ko saƙon ya taso." Bai ce shi ke tambaya ba. Na ce, "Baba, ba a biya mu ba tukuna, ku ƙara haƙuri." Ya ce, "Ba komai, Allah ya yi albarka. Kai dai ka ci abinci."

Da na kashe wayar na ɗauko kaye na bi rasit ɗaya bayan ɗaya. Yuro 140 cikin sati shida. Sama da jika casa'in. Katunan da suka fito suna cikin kwalin takalmi ƙarƙashin gado, ɗaruruwa, in an haɗa su duka ba za su sayi buhun sukari ba. Katin da nake nema kuwa, da na saye shi kai tsaye tun farko, da ban kashe rabin haka ba. Na zauna a bakin gado ina jin muryar mutumin da buta a hannu. Shekara goma sha biyu yana yi mini tambaya ɗaya, ina ba shi amsar da ta dace da tabarmar zaure, ga shi sai a Liyon tambayar ta same ni.

Na ƙara awoyi a wurin wanke-wanke, na aika da rabin abin da na yi alkawari ana goma ga azumi. Ban bar gasa ba, kuma ba na jin ya kamata in bari. Na dai yi ma kaina doka: kuɗin shiga kawai, kati kuma sai wanda na san sunanshi da farashinshi kafin in biya.

Bayan salla da sati biyu na yi ranar da ta fi kowace. Na ci uku, na faɗi ɗaya, na zo na uku cikin mutum goma sha takwas. A zagayen ƙarshe yaron nan ne, wanda uwarshi ke jira a mota. Na cinye shi biyu da ɗaya, ya miƙo hannu muka gaisa kamar manya. Mai shago ya kira sunana, ya karya shi yadda ya saba, ya miƙo mini kyautata: ƙunshi huɗu, a rufe.

A waje wani ya ce zai saya, Yuro uku kowanne. Na miƙa mishi uku na karɓi tara, na sa a aljihun da nake tara na gida. Ya ce, "Ɗayan fa?" Na ce wannan na ajiye ma ƙanena.

Tasha biyu na yi a cikin metro kafin in yage shi. Ba komai a ciki.