Neman Jitar Bes Da Kuɗin Adashi

Duk wanda ya saba sauraron waƙoƙin finafinanmu na Hausa ya san kusan dukkan kiɗan da ke cikinsu daga fiyano ɗaya yake fitowa. Ganga da sarewa da algaita, har da wannan sauti mai kauri da ke tafiya a ƙarƙashin waƙa kamar takun raƙumi, duk yatsun mutum ɗaya ne a kan Yamaha. Ban raina wannan ba, domin da shi aka gina sana'ar da ke ciyar da ɗimbin jama'a a Kano. Amma ni kunnena ya tashi ne da kuntigin Ɗan Maraya Jos da garaya da gurmi, inda kana jin yatsa ya ja tsirkiya, kana jin ta saki. Shi ya sa da na tara 'yan waƙoƙin da na rubuta wa jaruman wani littafina, na ƙudura ɗaukarsu da kaina a ɗaki, sai na ce ƙasan kiɗan dai sai tsirkiya ta gaske. Wato sai jitar bes.

To, iya kuɗinka iya shagalinka. Abin da ke hannuna kwasar adashi ce ta wata takwas, kuma uwargida ta riga ta sa mata ido don keken ɗinki. Da na faɗa mata niyyata ba ta yi musu ba, cewa kawai ta yi, "Malam, in dai ta koma wurin rataye hula, to da sauran magana." Ka ga ke nan saye ɗaya gare ni, babu na biyu.

Abu na farko da ya sauƙaƙa mini shi ne mai ɗaukar sauti a gida ba ya buƙatar amfilifaya. Waya ɗaya ce daga jita zuwa ɗan akwatin nan da masu situdiyo ke kira sawunkad, irin su Focusrite ko Behringer, daga nan sai kwamfuta. Ka sa abin saurare a kunne, maƙwabcinka ma bai san kana kiɗa ba, wanda a unguwa irin tamu ba ƙaramar rufin asiri ba ce. Sai dai wannan sauƙin da tarkonsa. A wurin biki, hayaniya tana rufe aibin jita. Kwamfuta kuwa ba ta da kara, duk wani ƙugi ko kakabin ƙarfe sai ta ɗauka ta ajiye maka.

A nan ne na fi daɗewa ina tunani. A ƙarƙashin tsirkiyoyi akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar waya, shi ke mayar da girgizar tsirkiya ta zama sauti. Amma ba girgizar tsirkiya kaɗai yake ji ba, har da wutar lantarkin da ke cikin bango. Wutarmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa. Tsirkiyar bes mafi kauri kuma tana girgiza wajen sau 41 a daƙiƙa, in ka danna ta a gaɓa ta uku ta kai 49. Ka ga ƙugin wuta a tsakiyar gonar bes ya kafa bukka, in ka ce za ka yanke shi a kwamfuta sai ka yanke da naman kiɗanka. Balle a ce janareto ne ke aiki, ga fanka, ga cajar waya ta bakin titi.

Mutanen da suka ƙago abin sun san da wannan. Leo Fender na Amurka ya fitar da samfurin Precision a 1951, a 1957 kuma aka raba maganaɗisunta gida biyu, aka naɗe su ta yadda ƙugin ɗaya ke kashe na ɗayan. Ƙanwarta Jazz, ta 1960, tana da wuya siriri mai daɗin riƙo da maganaɗisu biyu, amma ba ta yin shiru sosai sai ka buɗe su duka daidai wa daida. Yawancin jitocin bes masu araha a duniya kwaikwayon ɗayan biyun nan ne, ko gamin gambizarsu. Ni dai tun daga nan na yanke: mai rababben maganaɗisu nake nema. Ƙari a kan haka muryarta tana da tsakiya, ba zurfi kaɗai ba, kuma masu saurarona a waya za su ji, wadda 'yar lasifikarta ba ta san hanyar 41 ɗin nan ba.

Masu batir a ciki kuwa na bar su. Ba don ba su da kyau ba, sai don ban ga dalilin ƙara wa kaina hidima ba.

Sunaye uku nake ta cin karo da su a ɓangaren masu sauƙin kuɗi: Squier, wadda Fender ta fara fitarwa a 1982 don masu ƙaramin ƙarfi, da Yamaha, da Ibanez. Kuma kada kowa ya ji kunyar araha. Paul McCartney na ƙungiyar Beatles ya sayi Höfner ɗinsa a Hambug ta Jamus a 1961 kan kusan fam 30, saboda kuɗinsa bai kai na Fender ba.

Amma suna daban, itacen da ke hannunka daban. Ranar da na shiga Sabon Gari na tafi da wani abokin aikina ɗan Jos da ke kaɗa bes a cocinsu, domin a garin nan su ne suka san kan abin. Yaron shago ya sauko mana da wata ja mai sheƙi, da sunan babban kamfani ɓaro-ɓaro a kanta, yana cewa, "Alhaji, wannan ita ce daidai kai." Abokina ko fentin bai kalla ba. Ya ɗaga ta ya saita ido ta tsawon wuyan kamar mai duba bindiga, ya miƙo mini. Wuyan ya murɗe kamar busasshen kara. Jabu ce, an dai manna mata suna.

Ya ce lanƙwasa ta gaba ko ta baya tana gyaruwa, domin akwai dogon ƙarfe a cikin wuya da ake juyawa da alanki, amma murɗiya ba ta da magani mai araha. Ya sa yaron ya kawo alankin, ya tabbatar ƙarfen kowace yana juyawa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Da hunturu itace yana bushewa ya tsuke, har bakin ƙarafan da aka gitta a wuya su fito su riƙa kartar hannu, da damina kuma ya sha danshi ya motsa. Jitar da ƙarfenta ya cije, shekara ɗaya ta ishe ta zama itacen girki.

Mun gwada shida. Kowace sai ya bi ta gaɓa-gaɓa yana sauraron kakabi, ya murza maɓallanta ya ji ko suna ƙarar yashi, ya girgiza bakin waya a raminta. Ni kuma na zo da sawunkad ɗina da kwamfuta, na jona, na ɗauke hannu daga tsirkiya na saurari shirun kowace. Wadda ta tsallake wata baƙa ce ta hannu, Squier mai rababben maganaɗisu, bayanta duk zanen bel ɗin mai ita na farko, tsirkiyoyinta sun yi tsatsa. Saboda munin nan ma aka yi mana ragi.

Ragowar kuɗin ya tafi a sababbin tsirkiyoyi da waya mai kauri, da ladan wanda ya daidaita mata tsayin tsirkiya. Waƙa uku na ɗauka zuwa yanzu, duk bayan sallar isha'i, kuma a kan batirin kwamfuta, caja a cire, fanka a kashe, ina gumi. Ta huɗun ce ta tsaya mini, don akwai wata gangara a amshinta da ɗan yatsana ƙarami bai kai ba tukuna. Keken ɗinki kuma an sa shi a kwasa mai zuwa.