Filin Kowa, Wa Zai Share Shi?

A Gure, inda na yi shekaru ina koyarwa, na san wani fili da ƴan firamare ke gudu a kansa da hantsi, ƴan koleji da na lise su karɓe shi da la'asar. Tarayyar ba ta dame ni ba, domin mun saba ci a kwano ɗaya. Damuwata ita ce rairayin da hunturu ke tarawa a bakin raga kowace shekara, ba wanda kasafinsa ya tanadi ko dala ta kwashe shi.

Hukuma ta iya kashe kuɗi idan biki ya zo. An gani a Yamai a 2005, lokacin wasannin ƙasashe masu magana da Faransanci, an kuma gani a Damagaram a bikin 18 ga Disamba na 2018. Amma biki na kwanaki ne, ɗalibin da za a gwada gudunsa a jarrabawar BEPC kuwa kullum yake bukatar fili.

A 2016 aka miƙa sha'anin firamare ga ƙananan hukumomi, na sakandare ga jihohi. Filin tarayya sai ya faɗa tsakanin aljihu biyu, kowa na duban ɗan'uwansa.

Ya ku malamai da ƙungiyoyi, mu nemi yarjejeniya a rubuce: wa zai sayi ƙarfen raga, wa zai yi shinge, wa zai kira gayyar shara. Rijiyar da kowa ke sha, in ba a sa ranar yashe ta ba, rairayi ne zai gaje ta.