Idan Wannan Ya Lalace Muna Barci, Me Zai Faru?



Yawancinmu mun san murjani a matsayin dutsen ado da ake jerawa a zare, iyayenmu mata su sa a wuya ko a hannu. Wannan jan murjani ƙashin wata dabbar teku ce, kuma tun zamanin da, Bahar Rum ta yi suna wajen samar da shi. Yana da dangi masu yawa a tekuna masu ɗumi, waɗanda suke gina duwatsu a ƙarƙashin ruwa, kamar babban jerin nan na gabar Ostireliya mai tsawon kimanin kilomita 2,300. Ƙananan rassa na irin waɗannan dangi ne mu uku, wa da ƙannensa biyu, muke kiwo a gida cikin tankin gilashi mai ruwan gishiri, tare da kifi huɗu, jatan lande biyu da 'yan dodon koɗi. Waɗanda suka ziyarce mu daga cikinku sun sha tambayar yadda muke kula da su. Amsar tana cikin kabad ɗin da tankin yake zaune a kai, inda baƙo bai cika leƙawa ba, don haka can za mu kai ku yau.

Bari mu fara da halin murjani kansa. A cikin namansa akwai wata irin gansakuka, ƙanana ainun, ido ba ya ganin ɗaya ɗaya. Ita ce take karɓar haske ta yi abinci, murjani ya ci daga ciki, shi kuma ya ba ta mafaka. Wannan zaman tare yana da saurin lalacewa. Idan ruwa ya ɗara zafin da aka saba da shi a lokacin bazara da digiri ɗaya kawai, ya kuma daɗe makonni a haka, murjani yakan kori gansakukar, ya koma fari fat, yunwa ta soma cinsa. Abin da ya auku ke nan a gabar Ostireliya a 2016 da 2017, inda murjani mai yawan gaske ya mutu.

Teku babba ne, yana jinkirin canzawa. Namu ruwan kuwa, in aka haɗa na sama da na ƙasa, lita 200 ne, wato durom guda. Abin da teku yake ɗaukar watanni kafin ya ji, durom guda zai ji shi a yini ɗaya. Saboda haka muna riƙe zafin ruwa tsakanin digiri 25 da 26, gishiri kuma kashi 35 cikin dubu, kamar na teku. Sinadarin kalsiyom da murjani yake gina ƙashinsa da shi muna ajiye shi tsakanin miligiram 400 da 450 a kowace lita. Injuna ne suke riƙe mana waɗannan ma'aunai dare da rana, kowane inji kuwa yana da ranar da zai gaza. Shi ya sa kafin mu sayi wani abu, ko mu yi wa wanda muke da shi gyaran hannu, tambaya ɗaya muke yi wa junanmu: idan wannan ya lalace muna barci, me zai faru?

Ruwa yana tashi, gishiri yana zama

Kowace rana kimanin lita biyu na ruwan tankinmu yana bin iska, gishirin kuwa ba ya tafiya ko'ina. In aka bar shi kwana biyar, lita goma sun tafi, gishiri ya hau daga 35 zuwa kusan 37. Don haka ruwa marar gishiri ake cikawa da shi, wanda ya bi ta matatar da ake kira RO. Ba ma zuba ruwan famfo kai tsaye, domin yana iya ɗauke da kilorin, ko abincin gansakuka marar amfani, ko ɓurɓushin jan ƙarfe. Jan ƙarfe guba ne ga murjani da jatan lande, ko da kaɗan ne. Wannan ne dalilin da ya sa duk mahaɗan bututunmu na roba ne, babu na tagulla ko ɗaya.

Aikin cikawar wani ɗan famfo ne yake yi, wanda makunni mai iyo yake tashe shi, kamar ƙwallon nan da yake tsayar da ruwa a tankin saman gida. To, idan dodon koɗi ya hau kan makunnin ya danne shi fa? Famfon zai yi ta zuba ruwan daɗi har gishiri ya tsinke. Gyara uku muka yi. Mun sa makunni na biyu a ɗan sama da na farko, wanda zai yanke wuta in ruwa ya kai gare shi. Mun yanka guntun bututu, muka huhhuda shi, muka rufe makunnan biyu a ciki don kada wata dabba ta isa wurin. Na uku shi ne wanda ya fi ba mu kwanciyar rai: jarkar da famfon yake ɗiba lita goma kaɗai take ci. Ko da ya juye ta duka a dare ɗaya, gishiri ba zai sauka ƙasa da 33 ba. Babbar jarka za ta rage mana wahalar cikawa, amma mun gwammace wahalar.

Ɗan hujin da ya tsare falo

A cikin kabad akwai tanki na biyu, ƙarami. Ruwa yana malalowa daga na sama zuwa cikinsa, a tace shi, babban famfo ya mayar da shi. Duk wanda ya taɓa zuƙo fetur da tiyo daga jarka ya san abin da zai biyo baya idan famfon ya tsaya: bututun da yake kai ruwa sama zai juya ya soma zuƙo shi ƙasa, ba kuwa zai daina ba sai iska ta shiga bakinsa. Tankinmu yana da tsawon santimita 90 da faɗin 45, wato kowane santimita ɗaya da ruwa ya sauka, lita huɗu ne suka gangaro kabad, kusa da wayoyin lantarki.

Maganin ɗan huji ne da bai fi ƙwayar dawa ba, wanda muka huda a jikin bututun, kaɗan ƙasa da fuskar ruwa. Da ruwa ya sauka ya kai gare shi, iska ta shiga, zuƙon ya tsaya. Sai dai gansakuka da gishiri suna son toshe shi, ɗan hakin da ka raina kuwa shi yake tsone maka ido. Mun ƙara huji na biyu, kuma kowace Asabar ƙanwarmu tana bin su da tsinken sakace. Ban da haka, ba ma cika tankin ƙasa, muna barin wurin da zai ɗauki duk ruwan da zai iya gangarowa. Sau ɗaya a wata mukan kashe wuta da gangan, mu tsaya muna kallo har ruwa ya tsaya a layin da muka ja da alƙalami. Gara mu ga gazawar da rana tsaka, idonmu biyu.

Zafi da sanyi

A ƙasashe masu sanyi, abin tsoron masu wannan kiwo shi ne hita da ta maƙale a kunne ta dafa ruwan. Shi ya sa gogaggu suke sa ƙananan hita biyu maimakon babba ɗaya, su haɗa su da wani ma'auni dabam mai yanke wuta. Haka muka yi, domin dararen hunturu. Amma a mafi yawan shekara zafi ne abokin gabanmu. Mun ɗaura fankoki biyu na tsohuwar kwamfuta a bakin tanki, suna hura fuskar ruwa, ma'aunin nan ne kuma yake tashe su in zafi ya wuce 26. Dabarar randa ce: ruwan da ya bi iska yana tafiya da zafi. Sai dai fanka tana ƙara ƙafewar ruwa, don haka a lokacin bazara jarkar nan ta lita goma takan ƙare da wuri. A wannan kabad, in ka taɓa abu ɗaya, sai ka duba na kusa da shi.

Injin kumfa da tsabtar famfo

A shekarun 1970 da 1980, wasu masu sha'awar kiwon murjani a Jamus suka daidaita hanyar da har yau ake kira tsarin Balin: duwatsu masu rai da ƙwayoyin bakteriya, haske mai ƙarfi, ruwa mai motsi, da injin kumfa. Injin yana cusa ƙananan ƙwayoyin iska cikin ruwa, dattin da ya narke ya manne musu, kumfar ta hau ta zuba a wani kofi. Abin da yake taruwa a kofin baƙi-baƙi ne, warinsa kuwa sai wanda ya ji. Sau biyu a mako muke zubar da shi mu wanke wuyan kofin, domin in maiƙo ya kama wuyan, kumfa ba ta hawa sosai. Mashigar iskar injin ma gishiri yakan toshe ta, sai mu bar ta ta zuƙi ɗan ruwan ɗumi marar gishiri.

Mun yi masa gyara ɗaya. Ɗakin da mutane suke zaune a rufe yana tara iskar da muke fitarwa, ita kuma tana ƙara wa ruwa tsami, murjani ya yi jinkirin gina ƙashi. Sai muka ja tiyon iskar injin ta taga zuwa waje. Wannan ya sa tilas mu tuna da kashe injin duk ranar da za a yi feshin maganin sauro a tsakar gida.

Famfuna kuma suna yin irin farin ɓawon nan da yake kama cikin butar dafa ruwa. Idan ya taru a kan farfela, famfo zai ci gaba da juyawa, amma ranar da wuta ta ɗauke ta dawo, sai ya kasa tashi. Duk bayan wata uku muna kwance su ɗaya bayan ɗaya, mu jiƙa a ruwan khal, mu goge da tsohon buroshin haƙori, mu ɗauraye. Ba ma kwance biyu a rana ɗaya, kuma akwai sabon famfo a kwali yana jiran ranarsa. Soket ɗinmu a sama muka kafa shi, kowace waya kuma muna barinta ta lanƙwaso ƙasa kafin ta hau, don ɗigon ruwan gishiri ya faɗi a ƙasa, kada ya bi ta ya shiga wuta.

In an ɗauke wuta

Nan ne babbar jarrabawa. Murjani zai iya kwana biyu ko uku babu fitila. Abin da ba zai jure ba shi ne ruwa ya tsaya cik, domin kifi da murjani da bakteriya duk suna shan iskar oksijin, cikin 'yan sa'o'i kuwa za ta yi ƙaranci. Saboda haka ba mu ɗora komai da komai a kan batir ba. Ƙaramin famfo ɗaya mai kaɗa fuskar ruwa muka ɗora, da fanka ɗaya, don batir ya daɗe.

A wani dare na watan Afrilu wuta ta tafi wajen ƙarfe goma, ba ta dawo ba sai yammacin washegari. Batir ya riƙe har hantsi, sannan ya soma rauni. Daga nan muka koma aikin hannu: a ɗebi ruwan tanki da jug, a ɗaga, a tsiyayar da shi a hankali don ya sha iska, a huta kaɗan, a sake. Muka sa robobin ƙanƙara a rufe suna iyo don zafi. Yayanmu ya fasa fita, Mama ma ta karɓi jug na wani lokaci, tana cewa ba za ta zauna tana kallon kifi suna haki ba. Ba mu rasa ko ɗaya ba. Da wuta ta dawo, kowane famfo ya tashi nan take, sakamakon wankin nan na ruwan khal da babu wanda yake marmarin yinsa.

Ga masu son farawa

A jikin ƙofar kabad akwai takarda mai nuna aikin kowa, da littafin da muke rubuta zafi, gishiri da kalsiyom kowane mako. Duk bayan mako biyu muna canza lita 20, da gishirin da aka haɗa musamman domin wannan kiwo, gishirin miya ba ya yi. Idan ma'auni ya nuna wani abu ya kauce, a hankali muke mayar da shi cikin kwanaki, domin gyaran gaggawa ma yana kashe murjani. Rassanmu kuwa daga hannun masu kiwo muka samo su, ba a fasa dutsen teku dominmu ba.

'Yan'uwa, waɗannan halittu ba su roƙi a kawo su falonmu ba. Ba sa iya kuka, ba sa iya ƙaura in ruwa ya ɓaci. Tun da mu muka kawo su, amanarsu tana wuyanmu, ana kuwa sauke ta ne da tsinken sakace, da buroshi, da kofi mai wari, a ranakun da babu baƙon da zai yaba. Wanda yake so ya fara, muna ba shi shawara ya zo wata Asabar da safe ya yi aikin kabad tare da mu sau uku ko huɗu kafin ya sayi gilashi. In ya ga zai iya yin haka shekara da shekaru, muna da rassan da suka isa yanka, za mu ba shi kyauta.

Ku huta lafiya.