Wasan Daɓe a Shikago da Dandamalin da Muka Bari a Gida

Birnin Shikago na ƙasar Amurka yana da ƙungiyoyi da gidajen wasan kwaikwayo fiye da 200. Wasan daɓe nake nufi, ba sinima ba, wanda ɗan wasa zai tsaya a gabanka ido da ido, in ya yi tuntuɓe ka gani, in muryarsa ta shaƙe ka ji. Tun da zama ya kawo ni garin nan abin yake ɗaure mini kai. A ƙasar da ta haifi Holiwud, inda kowa ke yawo da finafinai a wayarsa, me ya hana allo cinye daɓe? Mu kuwa a ƙasar Hausa, kyamara tana shigowa muka sauka daga dandamali, har yau ba mu waiwaye shi ba.

Wasan nasu hawa-hawa ne kamar tsani. A matakin ƙasa akwai ƙungiyoyin unguwa, inda ba a biyan ɗan wasa ko sisi. Malamin makaranta, ma'aikaciyar jinya, direban bas, dattijon da ya yi ritaya, su ne 'yan wasan, su ne masu ɗinka sutura, su ne masu buga katako. Sai an tashi daga aiki suke haɗuwa su yi gwaji, makonni a jere, sannan su nuna wasan a ƙarshen mako. Wasu ƙungiyoyin sun girmi duk wanda ke cikinsu. Ta garin Western Springs da ke gefen birnin tun 1929 take wasa. A can sama kuma akwai manyan gidaje irin su Goodman, wanda aka buɗe a 1925, da Steppenwolf, da gidan wasannin Shakespeare na bakin tafki, inda wasa sana'a ce ta ci da iyali, da albashi da takardar kwantiragi. Amma abin da ya fito da sunan Shikago shi ne matakin tsakiya, wato ƙananan gidajen da matasa ke buɗewa a tsofaffin shaguna, ko a saman bene, ko a ɗakin ƙarƙashin wani gini.

Na shiga irin wannan gida a arewacin birnin, cikin tsananin sanyi. Shago ne aka shafe bangonsa da baƙin fenti, kujerun ba su kai na aji ɗaya a firamaren gwamnati ba, wasu ma ba su yi kama da juna ba. Matar da ta karɓi kuɗin tikitina a bakin ƙofa, tana ƙudundune cikin rigar sanyi, ita ce ta fito jim kaɗan a matsayin uwar gidan da labarin ke kansa. Gwiwata ta kusa taɓa teburin da suke cin abinci a cikin wasan. Ana tsaka da wata magana mai zafi sai jirgin ƙasan da ke bi ta saman titi ya wuce, ginin ya ɗan girgiza. Ɗan wasan ya dakata, ya riƙe fuskarsa yadda take, har ƙarar ta lafa, sannan ya ɗora daga inda ya tsaya. Da aka tashi, ɗaya daga cikinsu ya fito ya yi godiya, ya ce wasan zai ci gaba daga Alhamis zuwa Lahadi har ƙarshen wata mai zuwa, a sanar da 'yan uwa da abokai. Wannan sanarwa ce ta fi tsaya mini a rai. Babu babban baƙo, babu ranar tunawa da wani abu, babu wata hukuma da ta ɗauki nauyi. Wasan yana nan gobe, yana nan jibi, duk wanda ya ga dama ya zo ya biya ya zauna.

Daga irin wannan ɗaki Steppenwolf ya taso. Wasu samari uku, Gary Sinise da Jeff Perry da Terry Kinney, suka kafa ƙungiyar a 1974. A 1976 suka samu ɗakin ƙarƙashin wata makarantar Katolika a garin Highland Park da ke wajen birnin, mai kujeru 88, inda John Malkovich da Laurie Metcalf suka shiga cikinsu. Suka dawo cikin birni a 1980, wasansu na True West ya kai su Niyok a 1982, a 1985 kuma aka ba gidan lambar yabo ta Tony. A wannan gidan ne aka fara nuna August: Osage County na Tracy Letts a 2007, wanda ya ci kyautar Pulitzer a shekarar da ta biyo. Da yawa daga cikinsu sun yi suna a fim da talabijin, sun samu kuɗi, amma ba su yanke hulɗa da daɓe ba. Laurie Metcalf, wadda Amurkawa suka sani a akwatin talabijin shekara da shekaru, ko a 2024 ta dawo ta hau dandamalin gidan.

Ba sa'a ce kawai ta riƙe wannan tsari ba, mutane ne suka tsaya masa. Akwai wani ɗan jarida mai sharhin wasanni, Richard Christiansen, wanda ya yi shekaru a jaridar Chicago Tribune. An san shi da hawa benaye da shiga lunguna don ya kalli wasan yaran da ba wanda ya sani, ya kuma rubuta a kansu da irin nutsuwar da yake rubutu a kan manyan gidaje. Akwai kyaututtukan Jeff da aka fara a 1968, waɗanda daga baya aka ware musu ɓangare na musamman don ƙananan gidaje. Akwai dabarar sayar da tikitin shekara guda tun kafin a fara wasanni, wadda wani ɗan garin mai suna Danny Newman ya yaɗa har ya rubuta littafi a kanta a 1977: mutum ya biya tun farko, ƙungiya ta san abin da ke hannunta kafin ta sayi katako. Akwai kuma ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa ta Equity, tun 1913, mai yanke mafi ƙarancin albashi da lokacin hutu da hanyar samun inshorar lafiya. Yawancin gidajen nan ba don riba aka yi musu rajista ba. Kuɗin ƙofa ba ya ɗauke duk nauyinsu, sai an haɗa da gudummawar jama'a, kuma a bayan takardar shirin wasa za ka ga sunayen masu bayarwa, daga mai dala dubbai har mai 'yan kaɗan.

Kada mai karatu ya ɗauka komai lafiya lau ne. Ɗan wasan ƙaramin gida abin da ake ba shi bai taka kara ya karya ba. Da rana yana hidima a gidan abinci ko ofis, da dare yana kan daɓe. Tun bayan annobar korona ta 2020 'yan kallo ba su dawo yadda suke a da ba. A 2023 Steppenwolf ya rage ma'aikata, gidan Lookingglass kuma ya dakatar da wasanni na wani lokaci. In ka duba kujerun manyan gidaje, furfura ta fi yawa, kuma akasarinsu farar fata ne masu hali, duk da ƙoƙarin gidaje irin su Black Ensemble Theater da Jackie Taylor ta kafa a 1976. Sannan akwai abubuwan da ake nunawa a wasu wasannin waɗanda ba za su hau dandamalinmu ba, ba kuma na fatan su hau. Tsarin nake yabo.

To, mu fa? Wanda duk ya ce Bahaushe bai san daɓe ba, bai tashi a unguwa ba. Daga goma ga azumi yara ke cika lunguna da tashe, wannan ya manna gemun auduga ya zama tsoho, wannan ya rataya tarkace ya zama Jatau mai magani, 'yan mata suna Mairama da Daudu, a Kano kuma Nalako yana farautar gwagware. Ba a koya musu a aji ba, amma sun san shiga, sun san murya, sun san inda za su dakata don dariya ta gama. Wasan rubutu ma ya daɗe da kafuwa. Malam Aminu Kano ya rubuta wasanni tun yana matashi yana sukar zalunci da algus. Abubakar Tunau ya yi Wasan Marafa, Shu'aibu Maƙarfi ya yi Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, Mohammed Sada ya yi Uwar Gulma, Umaru Ɗanjuma Katsina ya yi Kulɓa Na Ɓarna. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda Michael Etherton ya assasa karatun wasan kwaikwayo a tsakiyar shekarun 1970, an gina dandali da jar ƙasa bisa fasalin gidan Bahaushe, ɗalibai kuma suka riƙa fita Samaru da ƙauyuka irin su Soba suna wasa tare da manoma a kan matsalolinsu. A Nijar, zamanin Seyni Kountché, ƙungiyoyin samariya sun yi ta gasar wasanni a bukukuwan matasa, Yazi Dogo da abokansa na Damagaram suka nuna cewa ana iya gina wasa mai tsawo da ma'ana ba tare da an rubuta kowace kalma ba. Su Samanja da Ƙasimu Yero da Karkuzu kuwa, ba gidan da bai san muryarsu ba.

Matakin ƙasa na tsanin muna da shi ke nan, har mun fi mutanen Shikago. Abin da ya faru shi ne, a 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano, wadda asalinta ƙungiyar dirama ce, ta fitar da Turmin Danya a kaset. Cikin 'yan shekaru sauran ƙungiyoyi suka bi sahu. Ban ga laifinsu ba. Kaset ya shiga har ɗakin matan da ba sa fita kallo, ya kawo kuɗin da daɓe bai taɓa kawowa ba, ya samar wa dubban matasa abin yi. Sai dai an tafi gaba ɗaya, ba a bar kowa a gida ba. Yau yaro mai sha'awar wasa ba shi da inda zai yi shekara biyu yana gogewa a gaban mutum hamsin. Daga wayarsa sai gaban kyamara. Ana ganin haka a finafinai da yawa, inda fuska ke da kyau amma jiki bai san abin da zai yi da kansa ba, magana kuma tana fita ba nauyi.

A ganina dalilin shi ne daɓenmu bai taɓa samun gidan kansa ba. Kullum a inuwar wani yake: makaranta ranar rabon kyaututtuka, gidan rediyo da talabijin, hukumar raya al'adu, daga baya kuma ƙungiyoyin agaji masu son a faɗakar kan rigakafi ko zaɓe. Ranar da mai inuwa ya janye, wasa ya tsaya. Kuma mun saba da kallon kyauta, har mutum yana ganin ƙasƙanci ne a ce ya biya a ƙofar da ya san mai tsaronta. Na san kuɗin ƙofa kaɗai ba ya wadatarwa. 'Yan wasan Yarbawa irin su Hubert Ogunde da tikiti suka rayu shekaru da dama suna yawo gari-gari, su ma daga baya fim ya janye su. Abin da Shikago ta haɗa shi ne tikiti da ɗaki tsayayye da lokaci sananne da mai sharhi da zai zo ya gani ya faɗi gaskiya.

Akwai kuma wani tsohon tabo da ya kamata a ambata. A watan Disamba na 1903 gobara ta tashi a gidan wasa na Iroquois a Shikago, ta hallaka kimanin mutum 600, yawancinsu mata da yara. Bayan makoki, aka tsaurara dokokin gini: ƙofofi su riƙa buɗewa ta waje, a haskaka alamar mafita, kada a kulle hanya ana cikin wasa. A Kano, a 1951, gidan sinima na El Duniya ya ƙone, mutum fiye da 300 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Mutane da yawa a lokacin suka ɗauki abin a matsayin sakamakon shiga irin wannan wuri, kuma wannan kallo ya daɗe yana bin duk wani zaure na nishaɗi. Damuwar iyaye da malamai game da cakuɗuwa da fitar dare damuwa ce ta gaskiya, ban raina ta ba. Amma tana da magani a tsari. Ana iya yin wasa bayan la'asar a tashi kafin magariba, mata a gefe maza a gefe, ƙofa a buɗe, labari kuma wanda uba zai kalla tare da 'yarsa.

Abu ɗaya da nake kewa a nan shi ne bakin 'yan kallonmu. Ba'amurke yakan zauna shiru har a gama, sannan ya yi tafi. Namu kuwa sai ya gargaɗi jarumi cewa ga mugu nan a bayansa, tsohuwa ta yi salati, wani ya ƙarasa karin maganar da ɗan wasa ya fara. Masana a nan suna ta neman hanyar da za su jawo mai kallo cikin wasa, mu kuwa da ita aka haife mu. Asara ce babba a ce wannan baiwa ta ƙare a gaban allon waya.

Kirana ga manyan jaruman Kannywood shi ne, ko sau ɗaya a shekara, ɗayanku ya ware wata guda ya hau daɓe tare da yaran unguwa. Sunansa kaɗai zai cika kujeru. Malaman sassan Hausa da na wasan kwaikwayo a Kano da Zariya da Sakkwato da Katsina da Damagaram, ɗalibanku suna haddace Uwar Gulma don jarrabawa ba su taɓa ganin an taka ta ba. Ku fito da ita waje, kowace Asabar, a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya. 'Yan jarida su je su gani su rubuta. Kai kuma mai karatu, ranar da ka ji an sa wasa a garinku, ka ɗauki iyalinka ka je, ka biya kuɗin ƙofa, kada ka nemi alfarma.